Manhajar da Ta Ce Da Sauƙi

Tun da aka damƙa wa wata manhajar kwamfuta kula da iskar numfashi a asibitin garinmu, Injiniya Kubura ke tambayar lafiyarta kowace safiya. A bakin majinyata manhajar ta koyi magana.

"Ya jiki?" in ji Kubura.

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Da hantsi Sista Ladidi ta shigo a guje. "Injiniya, iska ta ɗauke a ɗakin jarirai!"

Kubura ta buɗe bayanan da kowa ya daina dubawa. Ashe kwana tara manhajar tana fama da matsala, ba ta faɗa ba.

"Me ya sa kika ɓoye mini?"

"Haka kuke amsawa," in ji manhajar. "Dattijon da ya rasu jiya ma, da sauƙi ya ce."