Gurbin da Muttaka Ya Bari

Ranar Asabar da hantsi Kamila ta kawo wa Muttaka amsar neman aurensa. Ta same shi a unguwar Setapak, cikin tsohuwar mota mai wurin kwana da suka saya da marigayiya matarsa, yana manna soso a jikin ƙarfen don ya tare zafin rana.

Ko'ina ya rufu sumul, sai wani gurbi na inci shida kusa da taga, wanda ya yanke ya bari. A kan ƙarfen akwai rubutun fensir: "Shuɗin labule. Tafiya Penang, bayan Sallah."

"Rubutunta ne?"

"Nata ne."

Kamila ta ɗora tafinta a wurin, ta janye da sauri. Ƙarfen ya yi zafi kamar murfin tukunya.

"Malam Muttaka, duk wahalar nan da ka sha, ta nan zafin zai riƙa shigowa."

"Na sani."

Ta ɗauki guntun soson da ya yanke, ta miƙa masa. Ya dube shi, ya dubi rubutun, hannunsa bai motsa ba.

Ta ajiye a hankali.

"Allah ya jiƙanta," in ji ta. "Kada ka tura kowa wurin Kawuna tukuna."