Takalman Sabbas

Marulla ƙawata, ja ƙofar nan ki matso kusa.

Shekarar da samarinmu suka hau duwatsun tsibirinmu Kubrus suna yaƙar Turawan Ingila, ƙauyenmu ya dare biyu. Maƙwabcinmu Sabbas na cikin masu cewa a bi a sannu. Katanga ɗaya ta raba mu, a kanta yake shanya dogayen takalmansa na gona, masu facin jar fata a dunduniya. Gaisuwa ta mutu tsakaninmu tun ranar da ya ce wa ɗana Fitos, "Kai da jaki ma ke kayar da kai, kai ne za ka kori soja?"

Ranar Litinin aka kama Fitos da bindiga. Hukuncinta rataya ne. Da idona na karanta a takardar da suka liƙa jikin coci, baƙi-baƙi, yadda na koya wa kaina da littafin addu'a.

Ranar Alhamis sojoji suka ce kowace mace ta zauna ɗakinta, suka jera maza a filin makaranta. Suka fito da wani daga mota, an kifa masa buhu har gwiwa, da huda biyu ta ido. Ya bi layi yana jan ƙafa, ya gyaɗa kai a gaban mutum uku. Aka tafi da su.

Amma kowa ya ga jan facin nan. Kuma Sabbas kaɗai ne babu a layi.

"Birni na je!" in ji Sabbas da mutanen ƙauye suka tare shi. "Da takalmin zuwa coci na tafi!"

Suka ce, "To na gonar da kansu suka yi tafiya, kare?"

Ranar Lahadi aka harbe shi a ƙofar coci. Ba wanda ya taɓa gawar. Matarsa Andriyana ta ɗora shi a jaki, mata na tofa mata yawu suna cewa, "Matar buhu!"

Bayan mako biyu aka sako Fitos, wai babu shaida.

Duk shekara ni ke dafa alkamar tunawa da mamaci in kai wa Andriyana. Ana cewa ina da zuciya. Limamin coci kuwa ya gaji da tambayar abin da ya hana ni karɓar Jibin Ubangiji, gurasa mai tsarki da ba a karɓa sai an furta zunubi.

Don Allah, Marulla, kada ki faɗa wa kowa, ko bayan raina. Takalman nan sun yi mini yawa, sai da na cusa ulu a ciki kafin su zauna a ƙafata.