Hayaƙin Sha Ɗaya Saura Kwata

Kullum sha ɗaya saura kwata, Baba Makulli yakan haura saman benen cibiyar binciken sararin sama, wai zai duba tankin ruwa. Tanki kuwa lafiyarsa ƙalau. Bayansa yake laɓewa ya zuƙi sigari ɗaya, ya jefa alewar minti a baki, ya sauko yana gyaran murya. Shekara biyu ke nan da ya rantse wa matarsa da likita cewa ya daina. Tarin da yake yi, ya ce na tsufa ne.

Shi ne mai kula da ginin, makullai a ƙugunsa cacas-cacas, saura wata biyar ya yi ritaya. Na'urorin da ke saman nan dai bai san kansu ba. Akwai mai harba koren haske sama, akwai mai bin rana duk inda ta juya, ga farantin da ke karɓo saƙon tauraron ɗan'adam. Mai haɗa bayanansu wuri guda ta faɗi halin da iskar gari ke ciki ita ce autarsa, wadda kowa ke kira Dakta. Shi ma a wurin aiki Dakta yake ce mata, yana wani hura hanci.

Ran Litinin ta kira shi ofishinta da ke gindin matakala, ta tura ƙofa. A allon kwamfuta ga layuka uku, ja da kore da shuɗi, suna tafiya salin-alin, sai kwatsam su yi tsalle tare.

"Baba, na'ura ɗaya tana iya kuskure, amma uku ba sa haɗa baki su yi ƙarya. Kullum sha ɗaya saura kwata hayaƙi yana tashi kusa da tanki. Idan rahoton nan ya kai gaban Shugaba, duk wanda ke ɓata mana awo korarsa za a yi."

Baba ya ƙura wa allon ido. Kora, ana saura wata biyar? Kuma ta hannun 'yar cikinsa? Ya ce wataƙila janaretan maƙwabta ne. Ta ce ai ta tambayi tauraron, ya wanke janareta tas.

Amma Baba ba yaro ba ne. Washegari ya mayar da shan sigarin ƙarfe sha biyu da rabi. Layuka suka yi tsalle sha biyu da rabi. Ya koma busa hayaƙin cikin hularsa. Suka yi tsalle. Ya kifa bokiti a ka ya sha a ciki, ya fito idanu jawur yana kuka da majina, suka sake tsalle. Kai! Ranar har ya ɗaga kai ya harari sama.

A gida ma ba sauƙi. Matarsa ta tsiri wani sabon ladabi, da ya shigo take karɓar rigarsa da hannu biyu. Kunya ta ishe shi.

Haka ya haƙura ya jefa kwalin sigarin a kwandon shara. Ya sha wuya, ba ƙarama ba. Ya tauna murfin biro har guda shida, ya yi faɗa da ƙofar da ba ta tsare masa komai ba. Sati huɗu layuka suna kwance lumui. Tari ya lafa, matakala ta daina gagararsa.

Sai ga injiniya ya zo duba mai koren haske. Baba ya buɗe masa sama, ya ce cikin isa, "Wannan abu ai shu'umi ne, har hayaƙin sigari yana kamawa."

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce mai koren haske ba ta ganin komai sai daga mita ɗari uku zuwa sama, mai bin rana ba ruwanta da bayan tanki, shi kuwa tauraro sau ɗaya yake wucewa a yini, kuma unguwar nan gaba ɗaya ɗigo ɗaya ce a wurinsa.

Baba ya sauko. Daidai ƙofar Dakta ya ji muryarta a waya, ƙasa-ƙasa:

"Umma, yau ya hau, ga ƙarar makullansa nan yana saukowa. In ya dawo ki shinshina rigar kamar kullum, sai mu haɗa sakamako."