Tsohon da Waya Ta Gagara

Karo na tara ke nan Malam Arzika yana danna inda bai kamata ba, Safiyya kuwa ta ciji leɓe ta yi murmushin dole.

Shekara bakwai ta yi tana rubuta rahotannin zaizayar ƙasa da sare itatuwa, waɗanda ko gara ba ta gama karantawa ba. Da ta gaji, sai ta koma koyon tsara manhajar waya yadda kowa zai iya sarrafa ta. Wani kamfani a Kano ya ce aiki nata ne, muddin ta turo bidiyon manomi tsoho yana rajistar samun iri a manhajarta ba tare da taimako ba, kafin Juma'a.

A ƙauyen Fakuwa ta tsinci Arzika gindin tsamiya, ga furfura, ga fartanya a gefe. Ta ce lallai Allah ne ya kawo shi. Ya karɓi wayar ya goge fuskarta da gefen riga, ya ce batirin ya soma kumbura. Da ta yi masa bayani sai ya tambaya, "Wato in abin ga ya fito, kowa da kanshi za ya yi rajista?"

Ta ce ƙwarai. Tun daga nan yatsunsa suka rikice.

Ta cire Turanci, ya kasa. Ta ƙara girman madannai, ya kashe wayar. Ta sa hoton gero da dawa, ta sa murya tana faɗin komai, ya kira yayarta a Kusada.

Ranar Alhamis Safiyya ta zauna bisa saiwar tsamiyar, hawaye na neman zubo mata. Ta bar aikin da ta iya, ga shi wannan ma ya fi ƙarfinta.

Iyatu mai daddawa, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, ta sauke tallarta. "Mi ya samu ɗiyar ga? Kawo in gani."

Dannawa huɗu Iyatu ta yi, rajista ta kammalu, bidiyo yana ɗauka. Safiyya ta rungume ta har ƙwaryar daddawa ta kusa kifewa.

Iyatu ta gyara ɗankwali, ta dubi tsohon da ya haɗe rai. "Kai kuma Arzika, tashi ka buɗe shago, jama'a na can sun yi layi. Ka san duk ƙasar ga babu mai gyaran waya da yi mana rajista sai kai."