Mai Jan Kwandunan Tumatir

Zauna ka ji, tunda kai ma ka fara zagin motarka. Akwai wani mutum, sana'arsa kai kwanduna wofi wurin manoman rani a fadama. Yana da tsohuwar mota da ya gada wurin mahaifinsa, da 'yar tirela da yake ɗaura mata a baya. Shi a ganinsa kaya nauyi ne kawai, kwando wofi kuwa ai ba kaya ba ne. Sai ya jibga su har su ninka motar tsawo, ya kwantar da su bakinsu na kallon gaba don sun fi daɗin ɗauri haka, ya taka mota. Kowane kwando ya buɗe baki yana kamfatar iska, motar na nishi kamar tana jan katanga. Kafin rabin hanya mai ya ƙare, ya ɗauki galan ya bi titi a ƙasa. Ya gaji da rana, ya gaji da kanikawa, an kwance injin nan ya fi a ƙirga. Ran da ya dawo da buhunan albasa, ga nauyi amma a kwance, mai ya kai shi har gida da saura. Ko a jikinsa, ya ce sa'a ce. Ƙarshe dai ya ce motar mayya ce, ya sayar wa wani makwabcinsa da araha, zuciyarsa na ciwo don ita kaɗai tsohon ya bar masa.

Wata motar da ya sayo ma bakinsu ɗaya wurin shan mai. Ran nan yana zaune a gefen titi da galan wofi, ƙafafu sun yi tsami, sai ga makwabcin nan a tsohuwar motar da ya sayar masa, shi ma da kwanduna. Amma ya cusa su cikin juna, ya juya gindinsu gaba, ya rage tsawo daidai rufin mota, ya ja tamfol ya ɗaure tam, yana tafe a hankali. Ya tsaya ya tsiyaya masa mai, ya ce, "Maigida, ɗebi son ranka, ai motar nan lasa take yi, ba ta sha."

Mutumin ya dubi hasumiyar kwandunansa, ya dubi motar ubansa tana tafiya da wani, sai a lokacin ya gane ɗaurinsa ne ke shanye masa mai, ba mota ba. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.