Murya ta Uku a Kaset

Da biro Mai Rediyo yake mayar da kaset ɗin baya, don kada inji ya gajiyar da zaren. Shekara ashirin da biyu ke nan yana lallaɓa shi kamar ƙwai. A shagonsa kowa ya san doka: idan 'Yan Uku suna waƙa, mai kawo gyara ya tsaya a bakin ƙofa har a kai aya.

'Yan Ukun nan ciki ɗaya suka fito, kuma waƙarsu ba ganga ba garaya, daga tafi sai murya. Babbar tana riƙe ƙasa, ta tsakiya tana jan baiti, Auta kuma ta hau sama da wata siririyar murya mai ɗan fito a bakin kalma, kamar iska ta ratsa tsagar ƙofa. Wannan fiton ne ya kama Mai Rediyo tun yana saurayi. Saboda shi ya kafa ƙungiyar masoyansu, kuma har yau shi ne shugaba, don babu mai iya ja da bakinsa. A dandali dai muryar Auta ba ta taɓa kamo ta kaset ba, amma ya ce laifin lasifika ne. To wa zai yi gardamar lasifika da mai gyaran rediyo?

Ana nan sai ciwon maƙogwaro ya sa Auta ta ajiye waƙa. Yayyenta suka maye gurbinta da matar ɗan'uwansu da ya rasu bara. Mai Rediyo ya san ta sarai. Ita ce ta yi shekara da shekaru a bayan labule tana riƙe musu jakunkuna da ruwan ɗumi, don mijinta ko a hoto bai yarda ta fito ba. Nan take ya laƙaba mata Mai Jaka, sunan kuwa ya bi ta.

Ranar da ta fara fitowa ya zauna a layin gaba, ya harɗe hannu yana jiran ta sha kunya. Ba ta sha ba. Muryar ta hau sama tsaf, har inda ta kaset take kaiwa, kuma ga fiton nan a bakin kowace kalma. Mutane suka yi ta tafi, ita kuma ta yi murmushi har wushiryarta ta fito. Shi kam ji ya yi kamar an shiga ɗakinsa an sa rigarsa. Ya tsane ta a wannan lokacin, tsana ta gaske.

A taron ƙungiya ya ce waƙar gargajiya ba kwaikwayo ba ce, jini ce. Ya ce aku ma tana maimaita magana, amma ba a ba ta waƙa. Wani tsohon malamin makaranta ya ce shi dai kunnensa bai ji bambanci ba. Mai Rediyo ya ce ai shi ne laifin, ɓarawon da ya ƙware har tafiyar mai gida yake ara.

Asabar ta gaba da la'asar, a zauren taro, 'yan ƙungiya mutum arba'in suka juya kujerunsu baya da zarar Mai Jaka ta buɗe baki. Ta daure ta kai ƙarshe. Mai Rediyo bai ji daɗin haka ba, don haka a mako na biyu ya zo da rakodarsa a ƙarƙashin riga. Tana ɗaukar baitinta ya miƙe, ya ƙure ƙarar, ya danna. Siririyar muryar kaset ta cika zauren ta danne tata.

"Ga murya nan," ya ce. "Saurara ki ji yadda masu ita suke yi, ki koma ga jakarki."

Ta kuwa saurara. Ta tsaya cak har baitin ya ƙare, hawaye na bin kuncinta, leɓunanta na motsi tare da shi. Daga nan ta ajiye makirufo a hankali ta fice. Mai Rediyo ya ce kunya ce ta kama ta, ya koma shago yana taƙama.

Bayan kwana uku ta kwashe kayanta ta koma wajen danginta, ta rantse ba ta ƙara buɗe baki da waƙa. Yayyen biyu suka aiko wa ƙungiya cewa su ma sun ajiye, tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Sai a nan Mai Rediyo ya farga. So ya yi ya tsare waƙar, ga shi tana neman mutuwa a hannunsa. Dabara ɗaya ta rage masa: ya lallashi Auta ta dawo, ko da raɗa za ta riƙa yi.

Ya same ta a falonta da gyale naɗe a wuya. Ba ta ce ya zauna ba. Ya durƙusa, ya kunna rakoda, ya ce duk abin da ya yi don wannan muryar ya yi, don kada wata bare ta ci gadonta tana raye. Auta ta bari baitin ya ƙare, sannan ta yi wata dariya mara daɗi, haƙoranta a jere ras, ko allura ba za ta ratsa tsakaninsu ba.

"Ranar da aka ɗauki kaset ɗin nan ina asibiti ina naƙudar ɗan farina," ta ce da dusasshiyar murya. "Hoton kwalin ne kawai nawa, Malam. Muryar da ka shekara ashirin da biyu kana lallaɓawa, ta matar da ka kora ce."