Muryar Barau

Son jiki ke kashe zumunci, don zumunci a ƙafa yake. Da aka kawo na'urar da ke zuwa gaisuwa da muryar mutum, matasa suka daina taka ƙofar kowa, mu tsofaffi muna ta jan sanda. Shekara tara na'urar Barau ke gaida makauniyar gwaggonsa, Delu.

Ranar da ya je da ƙafarsa ya ce, "Gwaggo, Barau ne. Na zo karɓar sallahun marigayiya Inna."

"Ji tsoron Allah, malam! Muryar ɗana ba ta tsufa haka ba. Shi na faɗa wa tun bara."

Na'ura kuwa ba ta riƙe magana. Ya rasa gwaggo, ya rasa maganar uwarsa ta ƙarshe.